KWALEKWALE A TSAKAR FALO

Na san mai karatu zai yi mamakin ganin wannan kan magana a mujallar da aka saba cika ta da nazarin waƙa da karin magana da tarihin garuruwa. Ina roƙon a yi mini haƙuri a bi ni sannu a hankali, domin ba sha'awar kayan Turawa ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Wurin kwanana aka ƙwace, shi ya jefa ni cikin tunani.

Ga yadda abin ya faru. Ina da wa da ke aiki a Abuja, yana zaune da matarsa da 'yarsu ƙarama a gidan haya, ciki da falo, a ɗaya daga cikin unguwannin nan na bayan gari inda ƙananan ma'aikata ke samun sauƙin kuɗin haya. Duk sa'ad da aka yi mana hutu can nake tafiya, in shimfiɗa katifata a falo da dare, in naɗe ta da safe. To, a wani hutu na isa da jakata, na yi sallama na ɗaga labule, sai ga wani dogon ƙarfe ya miƙe tun daga gindin taga har kusa da ƙofa, daidai inda nake shimfiɗa. Matar Yaya, da yake akwai wasa tsakaninmu irin na mace da ƙanin miji, ta dube ni ta ce, "Sannu da zuwa, ɗan mijina. Ka ga kishiyar da aka yi mini? To, kai ma ta kore ka daga makwanci."

Ashe likita ne ya auna Yaya ya ce jininsa ya fara hawa, ƙiba kuma ta yi masa yawa, lalle ya nemi hanyar motsa jiki. Mutumin da ke fita tun duku-duku ya zauna a mota cikin cunkoso, ya wuni a kan kujerar ofis, ya dawo bayan magariba, ina ya ga lokacin zuwa filin ƙwallo? Ana cikin haka sai wani Bature da ya gama wa'adin aikinsa zai koma gida ya yi gwanjon kayansa, Yaya ya sayo wannan abu, watau injin koyon tuƙin kwalekwale na cikin ɗaki. Mu dai a gidan "kwalekwalen tudu" muke ce masa.

Ya kamata in ɗan bayyana siffarsa, domin da yawa daga cikinmu ba su taɓa ganinsa ba. Dogon ƙarfe ne kamar titin jirgin ƙasa guda ɗaya, da 'yar kujera mai tayoyi tana zirga-zirga a kansa. A gaba akwai matakai biyu inda ake ɗaure ƙafa da maɗauri, sa'an nan akwai wani wili mai fuka-fukai kamar fanka a cikin keji, an haɗa shi da sarƙa da mariƙi. Mutum ya zauna ya lanƙwashe gwiwa, ya kama mariƙin, ya tura da ƙafafu, ya bi da baya, ya ƙarasa da hannuwa. In zai koma kuma sai ya juya tsarin, hannuwa su fara, baya ya bi, gwiwa ta lanƙwashe daga ƙarshe. Iskar da fankar ke karowa ita ce ke tsayawa a madadin ruwa. Akwai kuma ɗan allo a gaban mai tuƙi da ke nuna masa mita nawa ya yi da minti nawa ya ci. Ba a jona shi da wutar lantarki, batir biyu ne a cikin allon, saboda haka ɗauke wuta ba ya zama uzuri.

Irin wanda Yaya ya saya na kamfanin Concept2 ne. Waɗansu 'yan'uwa biyu, Dick da Peter Dreissigacker, su suka kafa shi a 1976, suna ƙera filafilan tuƙi a jihar Vermont ta Amurka. A 1981 suka fito da injinsu na farko, wanda da wilin keke ma aka haɗa shi. Dalili kuwa shi ne a ƙasashensu koguna kan daskare da sanyin hunturu, 'yan tseren jirgi su rasa inda za su yi atisaye. Shekara guda bayan haka, a 1982, har an fara gasar tuƙi a kan injin a birnin Boston, ba ruwa ba jirgi. Ka ga ke nan asalin abin na masu sana'a ne da ke jiran ƙanƙara ta narke. Daga baya ne ya shiga gidajen mutanen da ba su taɓa taka jirgi ba, irin su wana.

Yanzu sai mu zo ga lissafi. Tsawon injin ƙafa 8 ne, faɗinsa ƙafa 2, amma masu ƙera shi sun ce a ware masa fili ƙafa 9 a tsaye da ƙafa 4 a kwance, saboda gwiwar hannu da jinginar baya. Falon Yaya kuwa ƙafa 12 ne da ƙafa 10. In ka buga, za ka ga abin na neman murabba'in ƙafa 36 daga cikin 120, watau ya kusa kashi ɗaya cikin uku na ɗakin da a cikinsa ake cin abinci, ake karɓar baƙi, ake salla, yarinya ke wasa, ni kuma nake kwana. Yaya ya yi wannan lissafi kafin ya saya, har da tef ɗin awo ya aro wurin tela. Ya kuma gano cewa ana iya raba injin gida biyu cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, a jingine shi a lungu, ya ci abin da bai kai ƙafa 3 ba ta kowane gefe. Da wannan hujja ya shawo kan matarsa: zai haɗa da asuba, ya yi tuƙinsa, ya warware ya jingine bayan ƙofa, ba wanda zai takura.

A makon farko haka aka yi, kullum. A na biyu aka yi sau huɗu. Kafin in koma makaranta abin ya koma ranar Asabar kaɗai, ni kuwa na sami wurin kwanana, ina murna a ɓoye. Da na dawo hutu na gaba sai na tarar da kwalekwalen yana nan a bayan ƙofa, an rataya masa darduma da lema da jakar makarantar yarinya. Na tambayi Yaya, ya ce, "Wallahi ƙanena, niyya tana nan. Gobe in Allah ya yarda."

Wannan magana tasa ita ce ta tsaya mini a rai, domin na san ba ƙarya yake yi ba. Ya san injin zai amfane shi, ya ji gargaɗin likita da kunnensa, ya biya kuɗi masu yawa, ba kuma wanda ya hana shi. To, me ya sa mutum zai san alheri, ya so shi, ya kuma ƙi aikata shi? Tambayar tsohuwa ce ƙwarai. Girkawan dā suna da kalma guda domin wannan hali, akrasiya, watau gazawar mutum ga mallakar kansa. Sokiratis, kamar yadda almajirinsa Filato ya kawo a littafin Protagoras, yana ganin sam babu irin wannan abu: duk wanda ya bar alheri to bai san shi sani na haƙiƙa ba, awonsa ne ya karkace, daɗin da ke kusa ya yi masa girma a ido, amfanin da ke nesa ya ƙanƙance. Aristotal kuwa bai yarda a ƙaryata abin da kowa ke gani ba. A ganinsa mutum na iya riƙe da ilmi amma ilmin yana kwance, kamar na mai barci ko mashayi, ba ya aiki a lokacin da ake bukatarsa.

Kada mai karatu ya zaci ciwon na wana ne shi kaɗai. Waɗansu masana tattalin arziki biyu, Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier, sun bi diddigin fiye da mutum 7,000 a gidajen motsa jiki uku na Amurka, suka buga sakamakon a 2006. Sun tarar masu biyan fiye da dala 70 a wata ba sa zuwa sai kamar sau huɗu, watau kowane zuwa ya tashi musu fiye da dala 17, alhali kuwa da tikitin shiga suke saye da dala 10 za su biya. Mutanen nan sun sayi himmar da suke zaton za su yi, kamar dai yadda mu ɗalibai kan sayi manyan littattafai a farkon zango mu jera su a kan akwati.

Ni dai da na zauna na duba lamarin Yaya, sai na ga kamar duka malaman biyu sun bar wani abu a baya, wataƙila don ya yi musu ƙanƙanta. Abin nan kuwa shi ne lungun bayan ƙofa. Tuƙin kansa minti 20 ne ko 25, kuma duk ranar da Yaya ya hau kujerar yakan gama. Inda yake faɗuwa shi ne kafin hawa: a sauke darduma da lema, a ja tebur, a matsar da kujeru biyu, a kinkimo ƙarfe mai nauyin kilo 26 a cikin duhu ba tare da an tashi yarinya ba, a haɗa. Duka bai fi aikin minti uku ba. Amma minti ukun nan suna zuwa ne a daidai lokacin da mutum ya fi kowane lokaci rauni, ya dawo daga masallaci, gado na kiransa. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mu mun saba ɗaukar himma a kan wani abu ne da ke zaune a ƙirji, wani yana da ita wani ba shi da ita, kamar tsawo ko hasken fata. Abin da na gani a falon nan ya sa na fara zaton rabinta a waje take, a yadda aka jera ɗaki. Dabarar da ta sa injin ya shiga gidan, watau warwarewa da jinginewa, ita ce kuma ta kashe amfaninsa.

Na faɗa wa Yaya haka, na ce a bar shi a haɗe kullum, ko da ni zan koma kwana a takure. Na ɗauka na warware matsala. Matarsa ce ta rushe mini hujja da karin magana guda. Ta ce, "Malam ɗalibi, ba a koya muku ba? An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. A bar shi a shimfiɗe, mako biyu ya zama benci." Gaskiya ta faɗa. Wa bai san gidan da ke da keken ɗinki da ya koma teburin ajiye kwanuka ba? Ganin abu kullum yana tunatarwa na ɗan lokaci, sa'an nan ido ya saba, ya riƙa tsallake shi kamar yadda yake tsallake kalandar bara da ke bango. Ashe kawar da shinge bai isa ba. Sai an sami abin da zai hana ido sabawa.

Abin da ta yi bayan nan shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. A jikin bangon da injin zai iya miƙewa ba tare da ya tare hanya ba akwai kabad ɗinta mai gilashi, inda ta jere tangaran da kulolin da iyayenta suka yi mata na aure. Duk wanda ya san matsayin jere a wurin 'ya mace Bahaushiya ya san ba kwanuka kaɗai ne a cikin kabad ɗin nan ba, akwai guminsu uwarta da gwaggwanninta na shekaru, shi ne kuma abin da baƙuwa ke fara kai wa ido in ta shigo. Wata Asabar da safe ta kwashe su tsaf, ta naɗe da tsofaffin jaridu ta zuba a kwali, ta sa muka ɗauki kabad ɗin muka kai ɗakin ajiya na mai gidan hayar. Sa'an nan ta tsaya a gaban mijinta ta ce, "Abban Ummi, ga wuri nan na ba ka, amma aro ne. Ranar da na ga ƙura ta kwanta a kan kujerar nan, kayana za su dawo, abinka kuma ya koma kasuwa." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba.

Tun daga ranar Yaya bai cika fashi ba. Injin bai canja ba, gargaɗin likita ma yana nan yadda yake tun farko. Abin da ya canja shi ne yanzu in ya dubi bangon nan yana ganin abu biyu, ƙarfen da ke wurin da kabad ɗin da ba ya wurin. Ido na iya sabawa da ƙarfe, amma da wuya ya saba da gurbin abin da wani ya sadaukar dominka, musamman in mai sadaukarwar na gilmawa ta gabanka da tiren shayi kowace safiya. Fili a ƙaramin gida ba ya zuwa kyauta. Duk taku ɗaya da ka ɗauka, daga hannun wani ka karɓe shi, ya zama bashi, hanyar biyansa guda ɗaya kuwa ita ce ka yi abin da ka karɓe shi dominsa. Mai babban gida da ya keɓe ɗaki guda don motsa jiki ba ya bin wannan hanya. In ya daina, sai ya ja ƙofa ya rufe, ba wanda ya yi asara sai aljihunsa. A nan ƙuncin ɗaki ya yi wa Yaya rana.

Mu ɗaliban Hausa mun san laccar nan ta Anthony Kirk-Greene a kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, inda ya lissafa halayen da Bahaushe ke auna mutum da su. A cikinsu akwai amana da kunya da haƙuri da adalci. Da za a tambaye ni wane ne ya tayar da Yaya daga gado a cikin sanyin Disamba, sai in ce amana da kunya ne suka kama shi hannu bibbiyu. Himmar da yake ta jira ta sauko masa daga sama, ba ta zo ba sai daga baya.

Na san za a yi mini ƙorafi a nan, kuma ƙorafin yana da ƙarfi. Wani abokina da muka yi muhawara da shi a ɗakin kwananmu ya ce aikin da aka yi don jin kunyar mutum ba shi da daraja, ɗan'uwan riya ne. Mutum ya kamata ya kula da lafiyarsa domin ya gane amanar Allah ce a hannunsa, ba don tsoron idon matarsa ba. Ya tuna mini cewa hadisin farko a Arba'una ta Imam Nawawi a kan niyya yake. Ban musa masa ba. Sai dai na ce masa ya duba abin da Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayani a Ihya'u, a babin horar da rai. A can ya nuna cewa ana samun kyakkyawan hali ta hanyar tilasta wa kai aikata ayyukan masu halin, ko da zuciya ba ta so, har abin ya zame jiki ya koma ɗabi'a. Marowaci ya riƙa kyauta da ƙyar har wata rana ya ji daɗinta. Aristotal ma a kan wannan ya tsaya, cewa da aikata adalci ake zama adali. In haka ne, ba dole ba ne niyya tsarkakakkiya ta riga aiki, wani lokaci aikin ne ke wanke ta. Wanenmu ya fara salla yana yaro don tsantsar ikhlasi? Da tsawar iyaye muka fara. Riya kuwa ita ce ka yi don a gani a yaba. Wanda ya yi don kada ya ci amanar da aka ba shi, a cikin duhun asuba inda ba mai kallo sai ƙaninsa da ke barci, ban ga yadda za a sa shi a wannan layi ba.

Binciken zamani ma ya ɗan goyi bayan malaman nan. Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a ta Landan sun sa mutum 96 kowa ya zaɓi wani ɗan aiki ya riƙa yi kullum, suka auna tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya zama jiki, aka buga a 2010. Matsakaicin abin da suka samu kwana 66 ne, amma akwai mai kwana 18, akwai wanda lissafi ya nuna sai ya kai 254. Sun kuma lura cewa fashin rana ɗaya ba ya rushe ginin. Ke nan akwai wata tazara ta wata biyu ko fiye tsakanin ranar da ɗoki ya ƙare da ranar da sabo ya kama, kuma a cikin tazarar nan ne yawancin injina ke komawa marataya. Mutum na bukatar abin da zai riƙe shi ya haye. Na Yaya kwalin tangaran ne.

Akwai wani ƙorafi kuma daga wani ɓangare dabam. Da Innarmu ta zo daga Zariya ganin jika, ta zauna ta kalli ɗanta yana kai da komo yana haki, gumi na ɗiga a kan leda. Da ya gama ta ce, "Yanzu kai ina ka je?" Ya ce, "Ba ko'ina, Inna." Ta ce, "Me ka samo?" Ya yi shiru. Ta ce su a zamaninsu wannan gumin da shi ake daka dawa a ja ruwa a rijiya, yanzu kuma an sayi wahala da kuɗi an kawo ta falo. Muka yi dariya, amma maganar ba ta dariya ba ce. Basarke a Yawuri in ya tsoma filafili a Kwara, ko dai kifi yake nema, ko fasinja zai haye da su, ko kuwa tsere ake ranar Rigata jama'a na kallo. Aikin da ba ya haifar da komai kuwa, a tarihi horo ake yi da shi. A 1818 wani injiniya a Ingila, William Cubitt, ya ƙera wani babban wili mai matakala domin gidajen yari, fursunoni su wuni suna takawa ba sa hawa ko'ina, kuma a waɗansu gidajen ba abin da wilin ke niƙawa sai iska. To, fankar Yaya ma iska take niƙa. Mene ne bambancin?

Bambancin da na iya gani shi ne fursuna lokacinsa ake ƙwacewa, kuma ba wanda ya damu da yadda zai fito. Mai tuƙi a falo kuwa shi ne gonar, shi ne manomin. Abin da ake nomawa zuciyarsa ce da jijiyoyinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2020 ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Su Inna suna samun ninkin wannan ba tare da sun ƙirga ba, domin rayuwarsu ce ke ba su. Ɗanta kuwa rayuwar ofis ta ƙwace masa, dole ya saye shi da kuɗi da fili. Amma ban ce wannan amsa ta gamsar da ita ba, ni ma kaina ba ta gamsar da ni duka ba. Akwai abin takaici a tsarin zaman da ke sa ƙato ya biya kuɗin mota don kada ya yi tafiya, sa'an nan ya sayi inji don ya rama tafiyar.

Injin kansa ya koya wa Yaya wani abu da ya kamata in ambata. Akwai wata 'yar lifa a gefen fankar mai lamba 1 zuwa 10, wadda ke ƙara ko rage iskar da ke shiga. Shi da farko a 10 yake sa ta, yana zaton jarumtaka ke nan, ya fizgi mariƙi da ƙarfin hannu, minti biyar ya sauka bayansa na ciwo. Sai daga baya ya gane masu abin a tsakanin 3 da 5 suke barin ta, kuma ƙafa ce ke yin mafi yawan aikin. Haka nan lissafin allon ba ya tafiya kai tsaye: in kana son ninka saurinka sau biyu, sai ka ninka ƙarfinka sau takwas. Mai yin mita 500 a minti biyu da rabi, in yana son ya yi ta a minti biyu cif, sai ya kusa ninka ƙarfin da yake sawa. Zakarun abin dabam suke; Josh Dunkley-Smith na Ostireliya ya yi mita 2,000 a minti 5 da daƙiƙa 35.8 a 2018. Wanda ya sa wannan a gabansa yana ɗan shekara arba'in da tumbi, ranar Laraba zai daina. Yaya ya koma yin mita 5,000 a natse, sau huɗu a mako, yana rubutawa a wani littafin aikin makaranta mai bango ja. Matuƙin irin wannan jirgi na Turawa baya yake bai wa inda za shi, fuskarsa na kallon inda ya baro, ba kamar namu masu kwalekwale da ke fuskantar gaba ba. Littafin nan ma haka yake, ba ya nuna masa sauran tafiya, sai wadda ya riga ya yi.

Duk da haka ba zan rufe ido ga laifin wana ba, ko da yake na san zai karanta wannan. Ya auna ɗaki da tef, tsawo da faɗi, amma bai auna mutanen ɗakin ba. Sai da ya biya kuɗi ya ɗauko abu a mota sa'an nan ya nemi yardar wadda ke wuni a falon. Kyautar da ta yi masa ta fito ne daga halinta na kirki, ba don ya cancanta ba, kuma kasancewar abin ya yi kyau daga baya bai mayar da farkonsa daidai ba. Haka nan maƙwabcinsu na jikin bango, wanda hucin fankar ke isa gare shi kowace asuba, ba wanda ya shawarce shi. Da kansa ya zo ya yi magana cikin ladabi, aka matsar da lokacin zuwa bayan ƙarfe shida. Akwai irin injin da ke amfani da tankin ruwa maimakon fanka, mai suna WaterRower, wanda ƙararsa ta fi taushi, ana kuma tsayar da shi a jikin bango, amma mai sayen gwanjo ba ya zaɓe. Ni ma ina cikin masu bin bashin, domin har yanzu a karkace nake kwana, ƙafata a ƙarƙashin tebur, kuma ƙarfe shida na yi dole in naɗe katifa ko ina so ko ba na so.

A hutun da ya wuce na lura da wani abu. Matakan ƙafar injin suna da ramuka da ake matsarwa daidai da girman ƙafar mai hawa. Yaya a rami na biyar yake barin su, amma sau biyu ina dawowa daga kasuwa da la'asar in tarar da su a na biyu. Na tambayi matar Yaya, ta ce shara ta yi ta taɓa su, in kuma ban iya bakina ba yau ba ni da tuwo. Tangaran dai suna nan a kwali. Tana da ciki yanzu, ta kuma ce in ɗan ya fara rarrafe za a sake zama a kan maganar fili, domin ba za ta bar jariri kusa da sarƙa da tayoyi ba, Yaya kuwa bai san amsar da zai ba ta ba tukuna.

Ran da zan taho ya buɗe jan littafinsa ya tara lissafin mako 12, ya ce ya yi kilomita 240, watau da a hanya ne da ya wuce Kaduna ya doshi gida. Ya kira Inna a waya yana gaya mata da murna. Ta yi shiru kaɗan, sa'an nan ta ce to madalla, in ya iso Zariya ya ɗaure jirgin a ƙofar gida ya shigo ya gaishe ta, tun da an kwana biyu ba ta gan shi ba.